Kano Zuwa Yamai: Awa Guda A Sama, Yini Guda A Hanya

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da ke birnin Kano da filin Diori Hamani da ke Yamai, tazarar da ke akwai idan aka miƙe babu kwana ita ce kimanin kilomita 700. Babban jirgin fasinja irin wanda ke kwasar alhazai yana cin kilomita 800 zuwa 850 a cikin awa guda idan ya daidaita a sama, ke nan ko an haɗa da tashi da sauka, awa ɗaya da 'yan mintoci sun ishe shi ya haɗa biranen biyu. Wanda ya yi sallar Azahar a Kano zai iya samun La'asar cikin jam'i a Yamai, ba ma sai ya gyara agogonsa ba, tunda lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne. To amma fa wannan lissafin takarda ne. Duk ɗan kasuwar da ke kai da komowa tsakanin Kantin Kwari da babbar kasuwar Yamai ya san cewa tafiyar nan takan cinye masa yini guda cur, wani lokacin har da kwana, ko ta sama ya bi ko ta ƙasa. Abin tambaya a nan shi ne, ina sauran awoyin suke tafiya, kuma wa ke cinye su?

Bari mu fara da shi kansa lissafin, domin da yawa daga cikin masu sauraronmu a rediyo sun sha tambayar dalilin da ya sa lokacin da aka rubuta a jikin tikiti yake ɗara abin da suka ƙiyasta. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya gangara daga inda aka shiga zuwa bakin titinsa, ya jira izini daga masu kula da zirga-zirgar jirage, ya ɗauki kusan minti ashirin yana hawa, sannan tun da sauran tafiya ya fara sassautawa yana saukowa. Saboda haka hanya mai sauƙi ita ce mutum ya raba nisan da gudun jirgin, ya ƙara rabin awa a kai. Kilomita 700 a babban jirgi ya kama awa ɗaya da minti ashirin ke nan. Idan kuma ƙaramin jirgi ne mai farfela, irin su ATR da ba su wuce kilomita 500 a awa ba, to a sa awa biyu ba kaɗan. Ko ta ina aka auna dai, tafiya ce da ba ta kai zaman cinikin buhu ɗari na wake ba.

A mota kuwa labarin daban ne. Daga Kano sai an bi ta Katsina, a wuce Jibiya, a tsallaka iyaka a shiga Ɗan Isa kafin a isa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba. Daga Maraɗi kuma a hau babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, a ratsa Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 660 kafin a ga Yamai. Jimilla ya haura kilomita 900. Wanda ya fito da asuba, idan Allah ya tsare shi daga faci da dogon tsayi a shingayen jandarma da na duwan, da dare zai shiga gari. Wannan kowa ya saba da shi, ba ya ba kowa mamaki.

Abin mamakin yana sama. A duk lokacin da babu jirgin da ke haɗa biranen biyu kai tsaye, hanyar da akan tura fasinja ita ce ya fara yin kudu. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 830 ne, awa ɗaya da rabi. A Legas zai karɓi kayansa, ya bar ɓangaren jiragen cikin gida ya koma na ƙasashen waje, ya sake bin layi. Daga nan zuwa Lome ta ƙasar Togo kilomita 230 ne kacal, daga Lome kuma ya juyo arewa, wasu kilomita 820 zuwa Yamai. Idan aka tara, mutum ya yi kusan kilomita 1,900 domin ya je wurin da ke kilomita 700 daga inda ya tashi, wato ya ninka hanyar fiye da sau biyu da rabi. Zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa huɗu, ba a maganar awa biyu zuwa uku da ake so fasinja ya riga jirgin ƙasashen waje isa fili, ba a maganar jiran da ke tsakanin jirgi da jirgi, wanda idan aka yi rashin sa'a sai an kwana a otal. Sau da yawa wanda ya shiga motar safa zai riga mai tikitin jirgi cin tuwon dare a Yamai, kuma da canjinsa a aljihu.

Wannan al'amari ba haka yake tun asali ba, kuma Kano ba baƙuwar jirgin sama ba ce. A shekarar 1925 jiragen sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jirage na farko da suka taɓa sauka a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartoum, ya ratso ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri zuwa Kano. Shekaru da dama Kano ce zangon da jiragen Turai ke tsayawa su sha mai kafin su ci gaba zuwa kudancin Afirka, kamar dai yadda ayarin raƙuma ke yada zango bayan sun ƙetaro Sahara. Da aka ƙera jiragen da ke iya dogon zango ba tare da shan mai a hanya ba, sai suka riƙa wucewa ta samanta suna barin ta da kallo. Kamfanin KLM na ƙasar Holan, wanda ya daɗe yana zuwa, ya janye a 2012.

A namu ɓangaren kuma, Nijar tana cikin ƙasashe 11 da suka kafa kamfanin Air Afrique a birnin Yawunde a 1961. Manyanmu da suka yi fatauci a wancan zamani suna tuna shi. Bashi da rashin iya riƙo suka durƙusar da shi a 2002, shekara guda bayan haka, a 2003, Nigeria Airways shi ma ya bi sahu. Gurbin da suka bari kamfanoni irin su ASKY, wanda ya fara aiki a 2010 da cibiyarsa a Lome, da Air Côte d'Ivoire da ya fara a 2012 da cibiyarsa a Abijan ne suka cike. Ba mu ga laifinsu ba. Tsarin kasuwancinsu shi ne su tattaro fasinjoji daga garuruwa da yawa zuwa matattara guda, su sake rarraba su, ta haka ne jirgi ke cika. Sai dai duk matattarun nan a bakin teku suke. Mu da ke Sahel mun zama reshe, duk inda za mu, ko da maƙwabcinmu na gabas ne ko na yamma, sai mun fara gaida teku.

An yi yunƙurin gyara. A 2022 kamfanin Air Peace na Najeriya ya buɗe hanyar Yamai, 'yan kasuwa suka yi murna. Murnar ba ta yi nisa ba siyasa ta shigo.

Ranar 26 ga watan Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga watan, shugabannin ƙungiyar CEDEAO ko ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakokin ƙasa da na sama tsakanin ƙasashensu da Nijar, suka hana jiragen kasuwanci shiga da fita. Ranar 6 ga Agusta, da wa'adin da ƙungiyar ta bayar ya cika ana ta maganar amfani da ƙarfin soja, hukumomin Yamai su ma suka rufe sararin samaniyar ƙasar baki ɗaya, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. A cikin wannan watan na Satumba suka haramta wa jiragen Faransa ratsa ƙasar. A watan Fabrairun 2024 kuma aka fitar da sanarwar cewa samaniyar Nijar a buɗe take ga kowa, ban da jiragen da suka fito daga Najeriya ko za su can. A ƙarshe CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakoki ranar 13 ga Maris, Nijar kuma ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga Maris. Kusan wata takwas ke nan kilomita 700 ɗin nan suka zama tazarar da babu jirgin fasinjan da zai iya ketawa, alhali kuwa ko taku ɗaya biranen biyu ba su matsa daga inda Allah ya ajiye su ba.

Yana da kyau mu fahimci dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa da sanarwa guda. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce tushen dokokin sufurin sama na duniya, an amince cewa kowace ƙasa ita ke da iko da samaniyar da ke bisa ƙasarta. Jirgin fasinja ba ya ratsa wata ƙasa ko ya sauka a cikinta sai da izini. A Nijar hukumar ASECNA, wadda ƙasashe da dama akasarinsu masu amfani da Faransanci suka yi tarayya a cikinta, ita ke jagorantar jirage, a Najeriya kuma hukumar NAMA. Abin sha'awa, a taswirar matuƙa jirage na duniya, da sunan Kano ake kiran samaniyar Najeriya gaba ɗayanta. To a ƙasa idan an rufe iyaka, mun san abin da ke faruwa: akwai hanyar daji, akwai ɗan kabu-kabu, akwai wanda gonarsa ma rabi tana nan rabi tana can. Mun gani daga watan Agustan 2019 lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe Illela da Maigatari, da Afrilun 2022 da aka buɗe Jibiya. An sha wuya, kaya sun yi tsada, amma mutane ba su daina ƙetarawa ba. A sama babu hanyar daji. Idan aka ce an rufe, to an rufe.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Lokacin da Nijar ta rufe samaniyarta, ta Sudan tana rufe tun watan Afrilun 2023 saboda yaƙi, ta Libiya kuma yawancin kamfanonin Turai sun daɗe suna kauce mata. Sai ya zama kamar an gina katanga a tsakiyar Afirka tun daga Nijar har Bahar Maliya. Jiragen da ke tashi daga Landan ko Paris zuwa Afirka ta Kudu dole suka riƙa zagaye, wasu suka ƙara awa guda ko fiye. Alhazanmu ma sun ɗanɗana. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da rabi idan aka miƙe ta saman Chadi da Sudan. Da Sudan ta rufe, sai an zagaya, har kamfanonin jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin Dala 250 a kan kowane alhaji a aikin Hajjin 2023. Duk awa guda da aka ƙara a sama man jirgi ne ake ƙonawa, kuma daga aljihun fasinja kuɗin man yake fita.

Wani zai ce ai an ɗage takunkumi, me ya rage? Abin da ya rage shi ne kamfanin jirgi ba ya dawowa da saurin direban tasha. Direba idan ya ji an buɗe iyaka da safe, kafin azahar ya yi lodi. Kamfanin jirgi kuwa sai ya sabunta izini a ƙasashen biyu, ya ɗauki ma'aikata, ya ware jirgin da ya riga ya tura wata hanya, ya sayar da tikiti na makonni masu zuwa. Kafin ya yi duk wannan sai ya tambayi kansa: idan gobe gwamnatocin nan suka sake saɓawa fa? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ga shi kuma tun ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, suna cikin nasu ƙawancen na AES. Gaskiya ne ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga ba tare da biza ba har sai an sake sanarwa. To amma mai zuba jarin miliyoyin Dala ba ya son jin kalmar “har sai an sake sanarwa”.

Sai batun kuɗi, wanda a ganinmu shi ne ya fi siyasa daɗewa yana cutar da mu. Duk wanda ya taɓa duba takardar tikitinsa da kyau zai ga kuɗin kujerar daban, sannan ga jerin haraji da kuɗaɗen fili da na tsaro a ƙasa. Waɗannan kuɗaɗe ba ruwansu da nisan tafiya. Abin da filin jirgi zai karɓa a kan mai zuwa wata ƙasa, kusan shi zai karɓa ko tafiyar awa ɗaya ce ko ta awa bakwai. Saboda haka gajeriyar tafiya irin ta Kano zuwa Yamai ita ce nauyin ya fi dannewa. Filin Diori Hamani ya samu sabon gini mai kyau a 2019, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya yi gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka gudanar a Yamai a watan Yulin shekarar, bisa yarjejeniyar zai riƙe filin shekara 30 ya mayar da kuɗinsa. Gini ya yi kyau, babu musu, amma kowa ya san daga inda kuɗin za su fito. Su kansu shugabannin CEDEAO sun yarda tsadar ta yi yawa, shi ya sa a taronsu na Disambar 2024 a Abuja suka yanke shawarar soke wasu haraje-harajen tikiti tare da rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fasinja da na tsaro daga ranar 1 ga Janairun 2026. Sai dai wannan shawara ba ta hau kan Yamai ba, tunda Nijar ta fita. Idan ana son irin wannan sauƙi a hanyar Kano da Yamai, sai gwamnatocin biyu sun zauna sun yi nasu.

Takardun da za su dogara da su kuwa suna nan jibge. A 1999 ƙasashen Afirka suka amince da shawarar Yamusukuro, wadda ta ce a sakar wa kamfanonin jiragen nahiyar mara su yi jigila tsakanin ƙasashe. A watan Janairun 2018 aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Addis Ababa, Nijar da Najeriya duk suna cikin waɗanda suka sa hannu. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Bakary Yaou Sangaré da Yusuf Tuggar, suka yi alkawarin farfaɗowa da suka haɗu a Yamai a watan Afrilun 2025. Sa hannu dai ba mu rasa shi ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi shafar mai karatu da ke Maraɗi ko Ɗan Isa, ko Ƙonni, ko Magarya da Matamaye. Ga yawancinku, maganar ba ta zuwa Yamai ba ce kawai. Maganar ita ce wane fili ne ya fi kusa idan za a fita sayayya Dubai ko Guangzhou ko Istanbul, ko za a tafi Umara. Ɗan Maraɗi yana da ƙasa da kilomita 300 zuwa filin Kano, amma 660 zuwa na Yamai. Ɗan Damagaram yana da kimanin kilomita 240 zuwa Kano, amma kusan 900 zuwa babban birnin ƙasarsa. Ɗan Ƙonni bai kai kilomita 100 zuwa Sakkwato ba, alhali Yamai tana kilomita 420. Wato ga rabin 'yan kasuwar Nijar na kudu, filin jirgin da Allah ya ajiye musu a ƙofar gida yana cikin Najeriya ne. Shi ya sa da kamfanin Qatar Airways ya fara sauka a Kano a 2022, ba Kanawa kaɗai suka amfana ba. Shi ya sa kuma ranar da aka rufe iyaka a 2023, ɗan Maraɗin da ya saba tashi ta Kano ya wayi gari filin jirginsa ya yi nisa da ƙarin kilomita 400, ɗan Damagaram kuwa da fiye da 600. Waɗanda ke zaune a ofisoshin Abuja da Yamai suna ɗaukar filin jirgi a matsayin kayan ƙasa ɗaya. Mu da ke bakin iyaka mun san filin Kano kasuwa ce ta ƙasashe biyu, kamar yadda kasuwar Jibiya da ta Maigatari suke.

Dole kuma mu faɗi gaskiyar da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ko da an cire haraji an daidaita siyasa, jirgi ba ya tashi da fatan alheri, sai da fasinja. Ƙaramin jirgi mai kujeru 50 yana bukatar mutane a zuwa da dawowa, mako bayan mako, ba lokacin Umarar azumi kaɗai ba. Kamfanonin da suka yi ƙarfi a arewacin Najeriya, tun daga Kabo Air har zuwa Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina, da jigilar alhazai suka yi suna, domin a nan ne ake da tabbacin jirgi zai cika. Ɗan kasuwarmu kuwa ba ya son rabuwa da kayansa. Dilar atamfa, buhun albasa, jan wake, ragunan layya, babu wanda zai hau jirgi, kuma kuɗin da ake caji a kan kowane kilo da ya haura ƙa'ida ya isa ya cinye ribar. Don haka kada wani ya ce mana jirgin sama zai maye gurbin tirela. Amfaninsa shi ne ga shi mai kayan: ya je ya ga samfur da idonsa, ya karɓo bashi, ya sa hannu a banki, ya kai mara lafiya asibiti, ya dawo rumfarsa kafin kwana biyu. Ga kuma batun tsaro, domin babu wanda bai san halin da hanyar Jibiya da yankin Madarumfa suka shiga ba a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Mutumin da ke ɗauke da jarin shekara goma yana da hujjar neman hanyar da ba ta ratsa daji.

Wasu na cewa a jira jirgin ƙasa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja, ɗan Maraɗi zai ƙara kusantar filin Kano, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a Maraɗi ya tsaya. Tsakanin Maraɗi da Doso babu dogo, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 kuwa bai taɓa zama hanyar jigila ta yau da kullum ba.

Shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da takwarorinsu na Kano da Katsina ita ce su daina roƙo a dunƙule. A je wa hukumar haɗin gwiwa da magana ƙididdigagga: mutum nawa ne daga cikinmu ke tashi ta Kano a wata, mutum nawa ke zuwa Yamai, nawa za mu iya biya. Da irin wannan lissafi ake shawo kan kamfani ya ware ƙaramin jirgi sau biyu ko uku a mako. Zai fi ma armashi idan jirgin zai tashi daga Kano ya yada zango a Maraɗi ko Damagaram kafin ya wuce Yamai, tunda duk garuruwan biyu suna da filin sauka, ta yadda kujerar da ɗan Kano ya bari ɗan Maraɗi zai hau. Wannan yana bukatar a girke jami'an shige da fice da na duwan a waɗannan filaye, sannan a yarda kamfanin wata ƙasa ya ɗauki fasinja tsakanin garuruwa biyu na cikin Nijar, abin da gwamnatoci ba su cika son bayarwa ba, sai dai idan kamfanin gida ne zai yi jigilar. Abu na biyu da ya kamata a nema a rubuce shi ne, duk saɓanin da zai taso nan gaba tsakanin Abuja da Yamai, a keɓe jiragen fasinja da na marasa lafiya daga cikin abin da za a rufe.

Kafin a kai ga haka, mai shirin tafiya ya riƙa lissafi daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar inda za shi, ya bar kallon awoyin da aka rubuta a tikiti kawai. Ya tuna kuma duk lokacin da ke jikin tikiti na garin da ake magana ne. Agogon Lome yana bayan namu da awa ɗaya, na Jidda da Addis Ababa suna gabanmu da awa biyu, na Dubai da uku, na Guangzhou da bakwai. An sha samun wanda ya yada zango bai gyara agogonsa ba, yana zaune yana shan shayi jirginsa ya tashi. Wanda zai sauya jirgi ya yi ƙoƙari tikitinsa ya zama guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin idan jirgin farko ya makara kamfanin ne zai nema masa wani, amma idan daban-daban ya saya, asarar tasa ce. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo kan rufe Kano har a jinkirta tashi ko a soke shi, saboda haka a wannan lokaci kada a tsara tafiyar da tazarar jirgi da jirgi ba ta wuce awa biyu ba. Wanda zai taso daga Maraɗi ko Damagaram domin ya kama jirgi a Kano, ya tsallaka iyaka tun ana gobe, da fasfonsa da katin rigakafin shawara a hannu, ya kwana a Kano.